Inuwar Ɗakin Wancan

Gidan farko da na zana ba a gina shi ba har yau. Filin yana nan a bayan Sagnarigu, a gefen garinmu Tamale. An zuba harsashi, an ɗora bulo har zuwa gwiwa, sai mai shi ya tafi kudu neman abin ƙarasawa, bai dawo ba. Idan na bi ta wurin da damina nakan tsaya. Ciyawa ta fito a falo, awaki suna kwance a inda na rubuta “ɗakin baƙi”, wata mata ta shuka kuɓewa a madafa. Ni kaɗai nake ganin rufin da tagogin. Duk mai zanen gini yana da irin wannan garin a cikin kansa, garin gidajen da suka tsaya a takarda, kuma nawa ya fi unguwarmu girma.

Na fara da wannan ne saboda tambayar da kuke yawan yi mini a aji. Na dawo karatu a makarantar fasaha bayan na daɗe ina aiki, shi ya sa kuke ganina a kujerar baya, na girme ku, kuma ba na yawan magana. Kun ji cewa na zana gidaje, sai ku zo ku ce, “Sista Memuna, wace manhaja ce ta fi? Mu ma mu sauke mu fara.” Wani cikinku har ya ce ai yanzu abin ya daina zama sana'a: ka ja bango, ka danna, gida ya tashi da fitilunsa a kunne. Ban iya ba ku amsa a tsaye ba, don bakina ba ya saurin aiki. Sai na ce bari in rubuta.

Na koyi aikin ne a wurin Masta Yakubu, a wani ɗaki ɗaya da ke bayan shagon fenti a unguwar Kaladan. Lokacin babu kwamfuta a ofishin. Akwai allon zane a jingine, da doguwar rula mai kai kamar guduma, da takarda shara-shara da kake ganin yatsanka ta cikinta, da alƙalamin tawada mai baki kamar allura. Akwai kuma reza. Idan ka yi kuskure da tawada, da reza za ka kankare shi a hankali, kana riƙe numfashi, don idan takardar ta huje aikin mako ya tafi. Na daɗe ba a ba ni bango ko ɗaya na ja ba. Fiƙe fensir nake yi, da rubuta lambobi layi-layi har sai sun fito kamar 'yan gida ɗaya. Masta ya sa mini suna Madam Shiru. Idan baƙo ya shigo yakan ce, “Ku gaishe ta, tana ji. Amsar ce sai gobe.”

Amma babban kayan aikin Masta ba a ofis yake ba. Buhun toka ne, da yake karɓowa wurin mai koko a bakin titi. Mutanenmu ba sa karanta zane. Ka shimfiɗa wa mutum takarda ka ce ga falo, ga ɗaki, zai ce “to, to”, alhali bai ga komai ba sai akwatuna. Saboda haka kafin a haƙa harsashi mukan tafi filin da sassafe da turaku da igiya, Masta ya bi igiyar yana zuba toka, ya zana gidan a ƙasa da ainihin girmansa. Inda ƙofa take sai ya bar giɓi. Sannan ya ce wa mai gida, “Bismilla, shiga gidanka.”

Na tuna wani Alhaji mai sayar da tayoyin babur. Yana zuwa ya tsallaka layin toka kai tsaye. Masta ya daka masa tsawa: “Alhaji! Ka ratsa bango! Aljani ne kai?” Mutumin ya koma da baya yana dariya, ya zagaya ya shiga ta giɓin, har da sallama. Ya tsaya a tsakiyar filin da babu komai sai tsaunin gara da kaji, yana duban sama kamar akwai rufi. Ya shiga ɗakin barcinsa ya kwanta a ƙasa da rigarsa fara, ya miƙe hannuwa, ya ce ɗakin ya yi masa kaɗan. Matarsa kuwa ta tsaya a madafa ta juya hagu, ta juya dama, ta ce daga nan ba ta hango ƙofar gida, yaya za ta san yara sun fita? A wurin muka share toka da ƙafa muka sake ja. Bango na toka ba ya cin siminti.

A irin waɗannan safiyoyin na koyi abin da ba a rubuta a jikin zane. Ruwan garin nan daga gabas yake tahowa da iska, don haka ba a buɗe babbar taga ta can. Ba a sa ban-ɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Kowane gida yana buƙatar gurbin tankin ruwa kusa da hanya, yadda mai kawo ruwa zai kai tiyo, da wani lungu da za a ɗaure ragon layya. Ba wanda zai ce maka “ka bar mini wurin rago”. Sai ragon ya zo ne za a tuna da kai, kuma ba da alheri ba.

Kwamfuta ta shigo ofishinmu ne saboda 'yan ci-rani. Yaran da ke Turai da ƙasashen Larabawa suna turo kuɗin gini, ba za su iya zuwa su taka toka ba, suna son hoto. Masta ya sayo kwamfutar cinya wadda aka taɓa amfani da ita, ya ajiye a gabana ya ce, “Idona ya gaji, ke ce mai son karatu. Zaɓo mana wadda za mu zauna da ita.” Na gwada manhajoji da yawa. Wasu sun fi ƙarfin injin, wasu kuma sun san gidan katako kawai, ba su taɓa jin labarin bulo ba. A ƙarshe biyu suka rage. Masta ba ya iya riƙe sunayensu, sai ya raɗa musu nasa: Ɗan Gayu da Baƙauye.

Ɗan Gayu ya iya karɓar baƙo. Ka ba shi bango huɗu da rufi, ya dawo maka da ciyawa kore shar, da itatuwan da ban taɓa gani a ƙasar nan ba, da Turawa suna tsaye da kofi a hannu, da kare mai gashi kamar auduga. A cikinsa kullum bayan la'asar ne, hasken rana kamar zuma. Ba zan ɓoye ba, na yi yawo mai yawa a cikinsa. Idan aiki ya yi sauƙi nakan shiga gidan wani da ba a gina ba, in hau matakala, in leƙa ta taga, in ga labule yana motsi ba tare da iska ba. Fankar ofis tana juyawa, ana niƙa a maƙwabta, ni kuwa ina can wata ƙasa da ba a share tsakar gida don ba ta taɓa yin datti ba. Sai Masta ya buga allo da rula ya ce, “Madam Shiru, ki dawo, an kira azahar.”

Baƙauye kuwa ba shi da fara'a. Bangonsa ruwan toka, ƙasarsa fili fetal, mutanensa kamar guntayen itace. Amma tambayar farko da ya yi mini ita ce, a ina gidan yake a duniya? Na nuna masa Tamale. Ya ce wane wata? Daga nan ya ba ni rana a hannuna. In ja ta daga gabas zuwa yamma, in ga inuwar kowane bango tana miƙewa tana naɗewa.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta dumso, lokacin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ta dawo ba sallama. Siminti ya yi tsada, masu gini suka tsaya, waɗanda suka yi alkawarin dawowa suka daina ɗaga waya. Ɗan Gayu ba ya motsi sai da intanet, kuma yana dafa injin kamar tukunya. Zai kusa gama hoto sai wuta ta tafi, komai ya koma farko. Masta ya koma kan allonsa, daga baya ma ya roƙi wani mai fili da bai gina ba ya bar shi ya shuka masara a wurin. Ni kuma nakan kai kwamfutar wurin wani mai aski da ke da janareta, in cika batir, in dawo ofis in zauna. Baƙauye ne kaɗai batirin ke iya ɗauka. Da na rasa gidan da zan zana, sai na zana ofishinmu da shagon fenti da darbejiyar da ke gabansa. Na tambayi Baƙauye inda inuwar kusurwar rufin za ta kai idan aka kira la'asar, na auna da tef, na ajiye dutse a wurin, na zauna ina jira. Liman yana ɗaga murya, inuwar ta taɓa dutsen. Na yi ta maimaita wannan wasan wata bayan wata, ina matsar da dutse. A haka na gane cewa da damina ranar garin nan ta arewa take bi, da rani ta koma kudu. A garin aka haife ni, amma ban taɓa lura ba sai da na rasa aikin yi.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne bayan al'amura sun daidaita. Wani mai suna Idirisu, da ke aiki a Italiya, ya kira Masta ta bidiyo. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Mma Adiza tana tsohon gidansu na ƙasa a Lamashegu tana yin man kaɗe. Ya turo hoton wani bene fari mai ginshiƙai, ya ce irinsa yake so a wurin, da filin ajiye mota a gaba.

“Masta, uwata ta sha hayaƙi, ya isa,” in ji shi. “Tun ina yaro idonta ja. Ina so ta zauna a kan kujera ta miƙe ƙafa.”

Na sa benen a cikin Ɗan Gayu, ya fito kamar za ka lasa. Na hau yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, na tafi Lamashegu in auna fili in kuma nuna wa tsohuwar.

Tsakiyar damina ce. Ina fita daga zaure na ga tsakar gida mai faɗi, an shanya kaɗe a ko'ina, ja-ja-ja a cikin rana, ana bi ta siririyar hanya a tsakani kamar kan kunya a gona. Ana dafa wani a babbar tukunya. Mata sun zauna sun kewaye kwanoni, hannuwansu a cikin ƙullu har gwiwar hannu, suna bugawa tare, fas, fas, fas, har farin kumfa ya taso. Ƙamshin ya cika wurin, irin na gyaɗa da hayaƙi da ƙasa mai laima. Wata ƙatuwar mata mai murya, Mma Sanatu, ƙawar mai gidan, ta gaishe ni da yaren garin, ta ce mini “Dasiba.” Na ce “Naa,” na durƙusa na gaida kowa. Mma Adiza ƙarama ce, ba ta da yawan magana. Da muka haɗa ido na gane irinmu ɗaya.

Na buɗe kwamfuta, matan suka taso da hannuwa a sama don kada mai ya ɗiga.

“Wannan Baturiyar fa?” in ji Mma Sanatu. “Ita ce za ta zo ta taya mu daka?”

Wata ta ce, “Ni karen ne ya dame ni. Wa zai riƙa yi masa tuwo?”

Suka yi ta dariya. Mma Adiza ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ya yi kyau. Allah ya yi albarka.” Can ta ƙara da cewa, a hankali, “'Yata, rana ta ina za ta shigo?”

Na ce zan duba. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara, Idirisu ne. Ta riƙe ta nesa da kunne kamar tana da zafi, ta ce, “Lafiya lau. To. Madalla,” ta miƙa wa Mma Sanatu, ta koma bakin tukunya.

Da zan tafi Mma Sanatu ta biyo ni zaure ta kama mini hannu, mai ya shafe ni. “Kin ji ta ce ya yi kyau? Ko kurkuku ya turo haka za ta ce. Ɗan farinta ne.”

Wasu cikinku ba su tarar da wannan ba. A wurin iyayenmu na zango, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Mma Adiza “wancan” take ce masa. Ko yaron maƙwabta mai suna Idirisu, “mai sunan wancan” take kiransa. Matar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta ba, ta yaya za ta buɗe baki ta ce masa kyautarsa ba ta yi mata ba? Ga shi kuma ya riga ya yi magana da magini, da zarar ruwa ya ɗauke za a rushe gidan.

Na faɗa wa Masta. Ya ce, “Ni mai zane ne, ba alƙali ba. Ke aka tambaya maganar rana, ke za ki ba da amsa.”

Na ɗauki benen na kai wa Baƙauye, na sa watan shanya, na ja rana. Benen da filin mota sun cinye tsakar gida, abin da ya rage siririn lungu ne a baya, ta yamma. Rana ba ta leƙa shi sai ta kusa tsakiya, kuma da damina ba a daɗewa bayan haka hadari ke haɗowa. Kaɗen da bai bushe ba fumfuna yake yi, mansa ya yi baƙi, ba mai saye. Na ɗauki bidiyon tafiyar inuwar na tura wa Idirisu, ina ganin magana ta ƙare.

Ya dawo mini da saƙon murya yana dariya. “Sista, Allah ya yi miki albarka! Abin da nake so ke nan. Ba rana, ba shanya, ba hayaƙi. Dole ta huta.”

Bayan 'yan kwanaki muka je da Masta da buhun toka. Tunda ba a rushe ba, abin da ya faɗo a tsakar gida kawai muka ja. Layin bangon benen ya ratsa ta kan murhu, ya bi ta inda take shimfiɗa tabarmarta. Ba wanda ya yi dariya a ranar. Mma Adiza ta taso da ƙwarya za ta ɗebo ruwa, ta iso bakin layin, ta tsaya, ta zagaya har ta sami giɓin ƙofa. Washegari na dawo ɗaukar wani awo da na manta. An share tsakar gida tas, alamun tsintsiya a ko'ina, amma layin tokar yana nan yadda muka bar shi. Ta share gefe da gefe ta ƙyale shi.

Na zauna kusa da matan, na daɗe ina tattara ƙarfin hali, sannan na ce, “Mma Sanatu, idan aka daina kaɗe, za ku riƙa zuwa?”

“Mu zo mu yi me? Mu jeru a kujera mai laushi muna kallon juna kamar 'yan zaman makoki? Za mu zo da Sallah. Za mu zo in an yi haihuwa.” Ta ci gaba da bugun ƙullu. “Aiki ne ke kawo ƙafa, 'yata. Wanda ya je gidan mutane kullum ba dalili, cewa za a yi tuwo yake bi.”

A hanyar komawa na gane cewa gidan da na nuna wa Idirisu ba kowa a ciki. Sai na ce bari in sa masa uwarsa. Na fara da Ɗan Gayu. Na nemo wata tsohuwa a cikin mutanensa, na zaunar da ita a baranda ita kaɗai. Hasken zuma ya zubo mata, furanni suka kewaye ta, ta fito kamar tallar hutu. Na rage haske, na cire furannin, duk da haka tana jin daɗi. Ɗan Gayu bai iya nuna kaɗaici ba. Ba a koya masa ba.

Na koma wurin Baƙauye. A can kai ne kake ƙera mutanenka. Na yi guntun jiki, na ɗora masa dunƙulen kai, na yafa masa mayafi. Gwiwoyinta ba za su hau matakala ba, don haka na zaunar da ita a barandar ƙasa, tana duban ƙofar ƙarfe da filin motar da ba mota. Na saki rana tun daga hantsi har faɗuwarta. Ba abin da ke motsi a bidiyon sai inuwa, tana zagaya ta kamar kyanwa, ta hau ƙafarta, ta rufe ta.

Sannan na zana wani gidan dabam. Ɗakuna na ƙasa sun kewaye tsakar gida, na gabas gajeru yadda rana za ta tsallako da wuri, sun kuma ba ruwa baya. Murhu mai bututun hayaƙi a kusurwa. A yamma na ɗora ɗaki ɗaya a sama. Na ƙera sauran matan, na zaunar da kowacce inda na saba ganinta, na yi Mma Sanatu ta fi kowa faɗi.

Masta ya kalli bidiyon biyu, ya cire tabarau. “Madam Shiru, ashe haka kike zagin mutane?”

“Ban ƙara komai ba, Masta.”

“Shi ne ai zagin.”

Na tura wa Idirisu bidiyon biyu, ya kira ranar Lahadi da rana, ranar hutunsa. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

“Sista, wannan guntun itacen da ke zaune fa?”

“Mma ce.”

“Sauran matan fa, ina kika kai su?”

“Na tambaye su. Sun ce za su zo da Sallah.”

Ina jin ƙarar wani jirgin ƙasa yana wucewa a can inda yake, ya wuce har ya ɓace.

“Ita ta ce miki ba ta so?”

“A'a. Ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka.”

Ya yi wata gajeriyar dariya. “Haka ta ce ranar da na ci jarrabawa. Ba ma ni ta faɗa wa ba, tukunya ta faɗa wa.” Ya ja numfashi. “Abokaina duk sun yi wa iyayensu bene. Me za a ce da ni a unguwa?”

“Akwai bene a na biyun. Ɗaki ɗaya ne, naka. Ana hango shi daga titi.”

“Hayaƙin fa?”

“Zai bi bututu ya tafi sama.”

Sai ya ce, “Ba ni Masta.”

Bai karɓi duk abin da na zana ba. Ya dage sai an sa tayil mai santsi a falo, da ginshiƙai biyu masu ruwan gwal a bakin ƙofa, waɗanda har yau idan na gan su nake sunkuyar da kai. Ginin kuma ya ja lokaci, kamar kowane gini a garin nan, ana yi ana tsayawa. An riƙa rushe gefe ɗaya ana ginawa, matan suna matsawa da kwanoninsu zuwa ɗaya gefen. Shanya ba ta tsaya ba.

To ga amsarku. Ban hana ku Ɗan Gayu ba, har yau ina buɗe shi idan mai gida yana son abin nuna wa abokai. Amma kafin ku zauna da kowace manhaja, ku fita da tef da dutse ku gwada ta da ranar garinku. Ku duba ko za ta yarda ku sa mutanenku a ciki. Kuma ku ba ta gida mara kyau ku gani, ko za ta iya nuna cewa ba shi da kyau.

Damina da ta wuce na bi ta Lamashegu na leƙa. Ranar sama ta yi garau. Kaɗe a shanye, bututu yana fitar da hayaƙi siriri, Mma Sanatu tana ba wata amarya labarin da bai kamata in ji ba. Aka ba ni kujera 'yar tsugune da ruwa a moɗa. Tagar ɗakin sama a rufe take, mai shi sai shekara-shekara yake zuwa, amma an ce kullum da safe ana hawa da tsohuwar a hankali, tana dafa bango, ta share shi da kanta.

Aka kira la'asar, aka yi salla, aka dawo bakin aiki. Inuwar ɗakin saman ta sauko daga bango, ta fara tafiya a kan siminti, ta haye kaɗen farko, ta haye na biyu. Ni na san inda za ta kai, na gani tun ba a aza bulo ko ɗaya ba, amma na zauna ina kallo kamar yadda nake jiran dutse a gaban shagon fenti. Ta iso bakin tabarmar Mma Adiza.

“Ku fara kwashewa,” in ji ta, ba tare da ta ɗaga kai ba. “Wancan ya iso.”

Sai ta ɗan matsa gefe a kan tabarmar, ta bar masa wuri.